Yadda Ake Kaɗa Ƙuri'a a Ranar Zaɓen Ƙananan Hukumomi, Daga Shiga Layi Zuwa Ƙidaya

Zaɓen ƙananan hukumomi shi ne wanda ake fitar da waɗanda za su riƙe matakin gwamnati mafi kusa da jama'a, wato kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi ko magadan gari. Kusan a ko'ina fitowar jama'a a wannan rana ba ta kai ta zaɓen shugaban ƙasa, kuma wannan ƙarancin ne yake ƙara wa kowace ƙuri'a nauyi, domin tazarar da ke tsakanin wanda ya ci kujerar kansila da wanda ya faɗi takan kasance 'yar kaɗan. Dokokin ranar sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma duk matakan da za a bi suna yi wa abu uku hidima ne: a tabbatar cewa mai zaɓe shi ne wanda sunansa yake cikin rajista kuma sau ɗaya zai yi, a bar shi ya yi zaɓinsa a asirce, sannan a ƙirga ƙuri'un a idon jama'a. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai gane dalilin kowane umarni da malaman zaɓe suka ba shi, zai kuma gane lokacin da aka kauce hanya.

Abin da ya kamata a sani kafin a bar gida

Tambaya ta farko ita ce wace hukuma ce take shirya zaɓen, domin ba lallai ba ne ta zama wadda aka saba gani a babban zaɓe. A Najeriya, mai ƙananan hukumomi 774, tsarin mulkin 1999 ya ɗora wannan aiki a kan hukumomin zaɓe na jihohi, in ban da ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya waɗanda hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, take gudanarwa da kanta. Saboda haka rana da lokaci da kayan aiki sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, ko da yake rajistar masu zaɓe ɗaya ce, ta INEC. A Nijar hukumar CENI ce ta shirya zaɓen 13 ga Disamban 2020 na ƙananan hukumomi da na jihohi, a Ingila kuwa kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da doka ta ɗora wa nauyin zaɓen yankinta. Sanarwar wannan hukuma ita ce abin dogaro a kan rana da sa'a, ba saƙon da yake yawo a waya ba.

Na biyu, mutum ya san rumfarsa. Ba a kaɗa ƙuri'a a duk inda aka ga dama, domin an raba rajista ne rumfa-rumfa, kuma sunan kowa yana cikin kundin rumfa ɗaya tak. Wanda ya tashi daga unguwa bai mayar da rajistarsa ba, sunansa yana can tsohon wurin, kuma a zaɓen ƙaramar hukuma abin ya fi tsanani, domin tsallaka titi ɗaya yana iya kai mutum wata mazaɓa mai 'yan takararta daban. Katin zaɓe yakan ɗauki suna ko lambar rumfa, kuma duba wannan tun da saura kwanaki ya fi a tsaya a layi har rana ta take sannan a ce babu sunanka a nan.

Na uku shi ne shaidar da za a nuna. A Najeriya katin zaɓe na dindindin ake nema, babu wata takarda da take maye gurbinsa. A Ingila ba a buƙatar katin gayyatar da ake aikowa gida, amma tun daga Mayun 2023 dole ne a nuna shaida mai hoto, kamar fasfo ko lasisin tuƙi. A Faransa ana neman shaidar mutum a duk garin da mazaunansa suka kai 1,000.

Lokacin buɗewa da rufewa ma ba ɗaya ba ne. Ingila tana yin nata ne yawanci ranar Alhamis ta farkon watan Mayu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare. Faransa tana yi ranar Lahadi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ana ƙara lokaci a manyan birane. Ghana tana buɗewa ƙarfe 7 ta rufe ƙarfe 5, INEC kuwa daga 8:30 na safe zuwa 2:30 na rana. Inda ake taƙaita zirga-zirgar ababen hawa a ranar zaɓe, sai mutum ya lissafa da tafiyar ƙafa. A bar riga ko hula mai alamar jam'iyya a gida, domin yaƙin neman zaɓe ya riga ya rufe, kuma a dokar zaɓen Najeriya ta 2022 laifi ne neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa.

Buɗe rumfa

Malaman zaɓe sukan riga kowa isowa, su kafa ɗan ɗakin sirri, su shimfiɗa kundin rajista, su ƙirga takardun ƙuri'ar da aka ba su, su rubuta adadin. Sauran waɗanda doka ta yarda su zauna a wurin su ne wakilan 'yan takara ko na jam'iyyu, da masu sa ido waɗanda hukuma ta tantance, da jami'an tsaro. Kowannensu yana da iyaka. Wakili yana kallo, yana iya ƙorafi ga shugaban rumfa, amma ba ya taɓa takardar ƙuri'a kuma ba ya gaya wa kowa inda zai dangwala. Jami'in tsaro aikinsa kiyaye zaman lafiya, ba shi da hurumin leƙa ɗakin sirri.

Kafin a jefa ƙuri'ar farko, shugaban rumfa yana buɗe akwati ya nuna wa duk wanda yake wurin cewa babu komai a ciki, sannan ya rufe ya sa masa hatimi. Wannan ɗan aiki ba ya ɗaukar minti biyu, amma duk lissafin yamma a kansa ya dogara, kuma shi ne babban dalilin da zai sa wakilin kirki ya isa tun kafin a buɗe.

Layi da tantancewa

Ana bin layi ne bisa zuwan mutum, sai dai hukumomi da yawa suna ba tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa da masu buƙata ta musamman damar wucewa gaba. Idan layi ya zo kanka, za ka miƙa shaidarka, malamin zaɓe ya nemo sunanka a kundi, ya gwada hoton da fuskarka, ya yi alama a gefen sunan. A inda ake amfani da na'ura, za a ɗora yatsanka a kanta ko a ɗauki hoton fuskarka. Ghana ta fara tantancewa da zanen yatsa a 2012, INEC kuwa ta fara amfani da na'urar BVAS a 2021, wadda take gwada yatsa ko fuska, ɗaya daga ciki ya wadatar. Masu aikin hannu da tsofaffi sukan sha wahala a nan saboda zanen yatsunsu ya goge, kuma goge yatsa da ƙyalle ko gwada wani yatsan yakan warware matsalar kafin a koma ga fuska.

Tantancewa ba tsarewa ba ce kawai, domin adadin waɗanda aka tantance shi ne ma'aunin da za a gwada ƙuri'un akwati da shi daga baya. Idan aka tarar an riga an yi alama a sunanka alhali ba ka yi zaɓe ba, kada ka juya ka tafi gida, ka kai magana gaban shugaban rumfa a gaban wakilai, ka nemi a rubuta ta. Wasu dokokin, kamar na Ingila, sun tanadi wata takardar ƙuri'a ta daban ga mai irin wannan matsala, wadda ake ajiyewa gefe ba a haɗa ta da sauran ba.

Ana shafa tawadar da ba ta goguwa a gindin farce, a wasu wuraren kafin a ba da takardar ƙuri'a, a wasu bayan an jefa. Indiya ta daɗe tana amfani da ita, tun 1962, kuma sinadarin da ke cikinta yana kama fata ne har sai sabuwa ta fito. A Ingila da Faransa ba a shafa tawada. A Faransa sa hannu a kundi bayan jefa ƙuri'a shi ne yake yin wannan aikin.

Karɓar takardar ƙuri'a

Sau da yawa takarda fiye da ɗaya ake bayarwa. Inda jama'a suke zaɓar shugaban ƙaramar hukuma kai tsaye, kamar Najeriya, akwai ta shugaba akwai ta kansila, kowacce da launinta. A Faransa kansiloli kawai ake zaɓa, su kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu, haka ma aka yi a Nijar a zaɓen 2020. A Ghana ba a tsayawa wannan zaɓe da sunan jam'iyya, kowane ɗan takara da kansa yake tsayawa, saboda haka hotonsa da sunansa ake nema a takarda.

Kafin ka bar teburin, juya takardar ka duba bayanta. A inda doka ta ce sai shugaban rumfa ya buga hatimi ya sa hannu, takardar da ba ta da su tana iya zama abin gardama a wajen ƙidaya, kuma mai zaɓe ne zai yi asara a kan sakacin wani. Haka nan idan ka ga tabon tawada ko yagewa, mayar da ita nan take a canja maka.

A cikin ɗakin sirri

A nan ne ƙuri'u da yawa suke lalacewa, kuma ba mugunta ce take lalata su ba, gaggawa ce. Da farko karanta umarnin da ke kan takardar ko jikin bango, domin hanyar yin alama ba ɗaya ba ce. A Ingila ana zana alamar gicciye da fensir a akwatin da ke gaban sunan, kuma a mazaɓar da take da kujeru biyu ko uku takardar za ta faɗi mutum nawa za a zaɓa. A Sikotland, tun daga 2007, lambobi ake rubutawa a zaɓen ƙananan hukumomi, 1 ga wanda aka fi so, 2 ga mai bi masa, haka har inda mutum ya ga dama. A Faransa, inda jerin sunayen 'yan takara ake zaɓa ba mutum ɗaya ba, ba a yin alama, mai zaɓe yana ɗaukar takardun ɓangarori daban-daban daga tebur, ya shiga bayan labule ya sa ɗaya a ambulan. A Najeriya da Ghana dangwala yatsa ake yi.

Mai dangwalawa ya nemo alamar jam'iyyar ko hoton da yake so tukuna, kafin ya taɓa tawada, domin yawo da jiƙaƙƙen yatsa a kan takarda shi ne yake barin tabo inda ba a nufa ba. Ya taɓa tawadar kaɗan, ya danna yatsan a tsakiyar gurbin da ke gefen alamar, ya ɗaga shi tsaye ba tare da ja ba. Idan jam'iyyu sun yi yawa gurabun sukan matse, babban yatsa kuma yana iya haurawa gurbin maƙwabci, shi ya sa yin amfani da yatsa mafi siranta ya fi, inda aka yarda da hakan kamar yadda INEC ta yarda. Daga nan ya goge yatsan, ya ɗan dakata tawadar ta sha iska, sannan ya naɗe takardar a tsaye, rubutun yana ciki. Naɗewa a kwance tana kifa saman takardar a kan ƙasanta, ɗanyar tawada ta buga hoton kanta a gurbin wata jam'iyya, sai masu ƙidaya su ga dangwale biyu su jefa ta cikin lalatattu.

Kada a rubuta suna, ko lambar waya, ko wata kalma ta yabo ko zagi. Duk alamar da za a iya gane mai ƙuri'a da ita tana kashe ƙuri'ar, domin ta karya sirri. Wanda ya yi kuskure kafin ya jefa yana da mafita: ya mayar wa shugaban rumfa da takardar, a soke ta a ajiye ta gefe, a ba shi sabuwa. Bayan ta faɗa akwati kuwa babu gyara.

Sirrin nan ba ado ba ne. An fara zaɓen asiri da takardar da gwamnati ta buga a wasu yankunan Ostireliya a 1856, Birtaniya ta bi a 1872, kuma abin da ya jawo shi shi ne yadda masu gida da masu ba da aiki suke tsayawa suna sauraron wanda ɗan haya ko ma'aikaci zai ambata. A zaɓen ƙaramar hukuma wannan matsin ya fi ƙarfi, domin ɗan takarar yana iya zama maƙwabci ko ɗan'uwa, wakilinsa kuma ya san kowa a layi da sunansa. Wannan ne ya sa ake hana ɗaukar hoton takardar ƙuri'a, INEC ma ta hana shiga ɗakin sirri da waya, domin hoton shi ne rasit ɗin da mai sayen ƙuri'a yake jira kafin ya biya. A ganina, idan aka kafa ɗakin sirri ta yadda na tsaye a gefe zai hango hannun mai dangwalawa, wannan ya isa dalilin da za a tsayar da layi a nemi a juya shi, ko da za a ɗan ɓata lokaci.

Makaho, ko wanda hannunsa ba ya iya riƙe takarda, yana da damar zuwa da mataimakin da ya zaɓa da kansa, kuma bai kamata wannan mataimaki ya zama wakilin ɗan takara ba. Wasu hukumomin suna tanadar madubin ƙara girman rubutu da abin jagora mai rubutun makafi, wanda ake ɗorawa a kan takarda domin mutum ya yi zaɓinsa ba tare da ya furta wa kowa ba.

Jefawa

Akwatin yana fili ne a gaban kowa, domin abin da ake ɓoyewa shi ne zaɓin, ba jefawar ba. Mai zaɓe da hannunsa yake jefa takardar, kuma idan akwatunan biyu ne ya duba launin murfi ko rubutun jiki, ya sa kowace takarda a nata. Gambiya ta bi wata hanya dabam tun shekarun 1960: ana ba mutum ɗan dutsen gilashi guda ɗaya, ya jefa a gangar ɗan takararsa, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya, malaman da ke waje su ji cewa ƙuri'a ɗaya aka jefa. Jihar Kaduna kuwa ta yi zaɓen ƙananan hukumominta na 2018 da na'urar zaɓe mai aiki da lantarki, inda ake taɓa alamar jam'iyya a jikin allo.

Rufewa da ƙidaya

Idan lokacin rufewa ya yi, ba a korar wanda ya riga ya shiga layi. Ana sa jami'i ya tsaya a bayan mutum na ƙarshe, duk wanda yake gabansa zai yi zaɓe komai daɗewa, wanda ya zo daga baya kuma ya makara. Wannan ƙa'ida tana aiki a Najeriya da Ghana da Ingila.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A Ingila ana rufe bakin akwati da hatimi, a kai shi babban zauren ƙidaya inda 'yan takara da wakilansu suke kallo. A Faransa da Ghana da zaɓukan INEC kuwa a rumfar ake ƙirgawa, kuma masu zaɓe suna iya tsayawa su gani muddin ba su kawo hargitsi ba. A Faransa ma daga cikin masu zaɓen ake neman waɗanda za su zauna teburin ƙidaya.

Ana farawa ne da lissafin takardu, ba da ƙirga wa kowa nasa ba. Ana soke waɗanda ba a yi amfani da su ba, a ƙirga su tare da waɗanda aka mayar saboda kuskure, sannan a zazzage akwati. Misali, idan an ba rumfa takardu 500, aka tantance mutum 310, takarda 4 suka lalace aka canja su, to ya kamata a tarar da 310 a akwati, 186 kuma a hannu ba a taɓa su ba. Idan na akwati suka ɗan gaza, wataƙila wani ya fita da tasa. Idan kuwa suka haura adadin waɗanda aka tantance, an yi aringizo ke nan, kuma dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ce a soke sakamakon wannan rumfa. Wanda ya tsaya kallo ya sa ido a kan waɗannan lambobi fiye da yadda zai sa a kan shewar magoya baya.

Sai a ware takardun kashi-kashi, a ɗaga duk wadda ake shakka a kanta a nuna wa wakilai. Ana ƙin wadda ba a yi mata alama ba, da mai alama a gurbi biyu, da mai rubutun da zai bayyana mai ita, da wadda ba a iya gane nufin mai ita ba. Shugaban rumfa ne yake yanke hukunci, wakili kuma yana iya neman a rubuta cewa bai yarda ba. Daga nan a ƙirga kowane kashi da babbar murya. Wakilin da bai gamsu ba yana da damar neman a sake ƙirgawa, a dokar Najeriya sau ɗaya.

Ana rubuta sakamakon a takardar hukuma, da lambobi da kuma kalmomi inda aka tanadi hakan, shugaban rumfa ya sa hannu, wakilai su sa, a ba kowannensu kwafi, a liƙa ɗaya a bango. Wakili kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, kuma kada ya tafi ba tare da kwafinsa ba, domin ƙin sa hannunsa ba ya soke sakamako, amma rashin kwafi yana barinsa ba shi da hujja. Ɗaukar hoton takardar da aka liƙa, saɓanin hoton ƙuri'a, abu ne mai amfani, domin da shi za a gwada abin da aka karanta a wajen tattarawa.

Tattara sakamako da bayyana wanda ya ci

Sakamakon rumfa ba shi ne na ƙarshe ba. Ana kai shi cibiyar mazaɓa a haɗa da na sauran rumfuna, kuma a nan ake bayyana kansila a tsarin da mai rinjaye yake ɗaukar kujera. Na shugaba yana wucewa cibiyar ƙaramar hukuma, inda wani lokaci rinjaye kaɗai ba ya isa. A ƙananan hukumomin Abuja, misali, sai ɗan takara ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un a aƙalla kashi biyu cikin uku na mazaɓu. A Faransa idan babu jerin da ya sami fiye da rabi a zagayen farko ana komawa zagaye na biyu, a Ingila kuwa idan mutum biyu suka yi kunnen doki bayan an sake ƙirgawa, ƙuri'ar sa'a ake jefawa a tsakaninsu. Baturen zaɓe ne kaɗai yake da ikon bayyana wanda ya ci, kuma inda aka soke wasu rumfuna masu yawan da zai iya sauya sakamako, yana iya cewa zaɓe bai kammala ba, a sa ranar da za a sake a waɗannan rumfuna kawai.

Wanda bai yarda da sakamako ba kotu zai nufa, kuma wa'adin shigar da ƙara gajere ne ƙwarai: kwana 21 a Ingila, kwana 5 kacal a zaɓen garuruwan Faransa, a jihohin Najeriya kuwa dokar kowace jiha ce take ƙayyade shi tare da kafa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Abin da alƙalai suke dubawa shi ne kundin rajista da aka yi wa alama, da adadin waɗanda aka tantance, da takardun sakamako na rumfuna, da ƙorafin da wakilai suka sa aka rubuta tun a ranar zaɓen.